Littattafan Malam Émile a Buhun Siminti

Ranar Talata ce, tsakiyar Agusta, ruwa ake tafkawa a Garuwa tun safe. Malam Émile, tsohon malamin tarihi da muke haya gida ɗaya, kwanansa shida a asibiti. Ni tun a aji biyu na bar sakandare, mashin nake ja, ba na iya zama wuri ɗaya. Shi ya zaɓo mini littattafai goma sha ɗaya daga akwatinsa.

"Waɗannan ba na masu jarrabawa ba ne, Kamilu," in ji shi a lokacin. "Fara da na fataken Binuwai. In ya sa ka barci, dawo da shi ka zage ni."

Ban zage shi ba.

Da rufin ɗakina ya fara yoyo, sai na zuba su a buhun siminti, na jingine a zaure, na fita neman fasinja. Na manta cewa a gidanmu duk takardar simintin da ke zaure ta Hamadu mai tsire ce. Da ita yake naɗe nama, ko tambaya ba ya yi.

Bayan la'asar Gisèle, 'yar Malam, ta kira ni. "Baba yana so ka zo da na fataken, ka karanta masa babin ƙarshe. Likita ya ce kada ka daɗe."

Na dawo na tarar da zaure wayam.

A bakin kasuwa na iske Hamadu ya cire bangwayen littattafan, ya danne shafukan da dutse.

"Baba Hamadu, don girman Allah ka dakata."

"Na zaci kyauta ce, ɗana. Takardar boko ma ta fi riƙe yaji."

Na durƙusa cikin taɓo ina tsinta. Na bi masu saye ina roƙo. Wata mata ta juye namanta a tafin hannu ta miƙo mini shafi biyu. Wani mutum ya ce in nemi magani.

A asibiti na karanta abin da na samu, hannuna duk maiƙo. Shafukan suka ƙare fataken na tsakiyar kogi.

"Ci gaba," in ji Malam.

Sai na ƙirƙiro sauran. Na ce sun haye lafiya, da kayansu.

"Ƙarya kake," ya ce, idonsa a rufe. "Ina littafin?"



Littattafai bakwai sun tafi gaba ɗaya. Uku rabinsu ya rage. Na fataken, shafi ashirin da shida na ƙarshe suka salwanta. Sai Malam Émile, shi ma ya rasu ranar Laraba da hantsi.