Minti Ashirin a Topolka

Shekara goma sha ɗaya ke nan da bas ta daina zuwa ƙauyen Topolka, shekara huɗu kuma da Leokadia ta baro shi. Bayan rasuwar mijinta Stefan, 'yarta Jola ta sayar da gidan ta ɗauko ta zuwa birnin Lublin, hawa na takwas, inda ba abin da ake hange ta taga sai tagogin wasu. Mijin Jola yana da mota, mutumin kirki ne kuma, sai dai duk sanda ta yi zancen gida amsarsa ɗaya ce: "Wata mai zuwa, Mama."

A ƙofar kantin burodi ta ga sanarwar. Ƙungiyar masu adana tsofaffin bas za ta fito da motocinta ranar Lahadi, kowace ta bi hanyarta ta da. Leokadia ta bi jerin da yatsa har ta kai layi na biyar. Topolka, sawu ɗaya, tsayawar minti ashirin. Ta karanta sau uku, ta juya gida, sai a bakin lif ta tuna ba ta sayi burodin ba.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ranar Lahadi, da aka tashi daga coci, ta zarce tashar da kyandir ɗaya a jaka. Filin cike yake da magidanta masu kyamarori, wani har ya kwanta a ƙasa yana leƙen ƙarƙashin mota. Ita ko kallon sauran motocin ba ta yi ba. Can gefe ta hango wadda ta zo nema, shuɗiya mai farin rufi, ƙulu-ƙulu gaba da baya, irin wadda kowa ke kira Kokwamba.

Direban mai furfura ne, an rubuta Zenon a ƙirjin rigarsa. Ya huda mata tikitin kwali ya ce, "A hankali, Pani," wato Uwargida, "matakalar tana da tsawo."

"Na hau ta da agwagi huɗu da ciki wata takwas," in ji ta. "Matsa."

Ta zauna a kujera ta uku ta dama. Warin gas da tsohuwar roba ya cika mata hanci, injin ya tashi, kujerar ta kama rawa a ƙarƙashinta. Wani mai tabarau da ke gefenta ya ɗaga wata 'yar na'ura yana naɗar ƙarar injin. Da suka fita gari ya juyo.

"Pani, kin san shekarar da aka ƙera wannan?"

"Ban sani ba."

"To me ya kawo ki?"

"Gida za ni."

Ya yi dariya, a zatonsa wasa take.

Hanyar ta fi yadda ta san ta gajarta. Masana'antar bulo ta rufe, an sare itatuwan da ke bakin titi, amma bayan gada komai na nan: gonakin dankali, gicciyen ƙarfe a mararraba, gidan da shamuwa ke sheƙa a kansa. Tun cikin mako ta gama lissafinta. Maƙabarta tana kan tudu, ba za ta je ta dawo a minti ashirin ba. Gidan kuwa minti bakwai ne in ta ɗaga ƙafa. Za ta je, ta tsaya a bakin shinge, ta dawo.

Tun kafin su ƙarasa, ƙarar injin ta fito da mutanen ƙauyen. Ba su da yawa, tsofaffi ne kusan duka, suna tsaye a ƙofofi da hannu a goshi. A tsohuwar rumfar jiran mota wata gajeriyar tsohuwa ta dogara da sanda, ɗankwali a ɗaure a haɓa. Gienia ce, maƙwabciyarta ta shekara arba'in da uku, wadda kunnenta ya yi nauyi har ba ta ɗaukar waya.

Leokadia ta sauko. Gienia ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Lodzia!" in ji ta, da sunan da ake kiran Leokadia a ƙauyen. "Ashe ba ki mutu ba?"

"Ke nake jira ki riga ni, in samu wanda zai share mini wuri."

"Dubi yadda kika yi fari fat, kamar dankalin da ya kwana a rami. Ba sa ba ki abinci ne a birnin?"

"Ke kuma haƙoran ina kika bar su?"

Suka rungumi juna, sandar ta faɗi, ba wadda ta ɗauka. Mai tabarau ne ya miƙo musu.

"Gidan zan leƙa," in ji Leokadia.

"Me za ki gani? Sun zagaye shi da katanga, ko hayaƙin murhu da ƙyar ake hangowa. Ga kare kamar maraƙi. Zauna nan ki ji labari."

Ta dubi hanyar gidan, ta dubi bencin, ta zauna. Gienia ta shiga jero mata: wanda ya rasu, wanda aka kai gidan tsofaffi, wadda ɗanta ya tafi ƙasar waje bai ko dawo jana'iza ba. Sabon fadan coci yaro ne, huɗubarsa ba ta ƙarewa. Saniya ɗaya ta rage a duk ƙauyen. Leokadia tana ji tana gyaɗa kai, idonta na kan hayaƙin da ke tashi bayan itatuwa, tana ƙoƙarin gane ko na gidanta ne. Ta ciro kyandir ɗin.

"Ki kunna wa Stefan."

"Duk Asabar nake share masa kabari. Ya fi shiru yanzu, amma ba da yawa ba."

Zenon ya danna hon. Masu hoto suka fara komawa ciki. Leokadia ta miƙe, sai ta ga Gienia ta riga ta kama ƙarfen ƙofa tana jan jiki sama.

"Pani, ba ta nan za mu dawo ba fa," in ji Zenon.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba za a dawo da ke ba!"

"Wa ya roƙe shi? A gada zan sauka. Shekara sha ɗaya ina jiran mota, ta zo kuma in tsaya ina kallo?"

Mai tabarau ya tashi ya ba su wuri. Nan take suka fara gardamar wadda za ta zauna a taga. Gienia ta ce ita ce babba da wata biyar, Leokadia ta ce ita ke da tikiti. Gienia ta ci, kamar kullum. Motar ta tashi, kafaɗunsu suna gugar juna a kowane rami. Gienia ta ɗora hannunta mai kaushi a kan na Leokadia ta bar shi nan. Zenon ya dube su ta madubi, ya sauke giya, ya bi gangaren a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Duk da haka gadar ta iso. Mutum biyu suka taimaka wa Gienia ta sauka.

"Kilomita biyu ne fa," in ji Leokadia daga ƙofa.

"Ina da wani aikin ne? Ki ci abinci, Lodzia."

Ƙofa ta rufe. Leokadia ta tafi har kujerar baya tana dafe da ƙarfe, ta ga Gienia ta gilashi tana tsaye a tsakiyar titi, ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kuma juya ba, har kwana ta ɓoye ta.

A tasha ta jira kowa ya sauka.

"Pan Zenon, baɗi za ku koma?"

Ya cire hula ya sosa kai. "Kowace shekara hanya daban ake zaɓa, Pani. Amma zan yi musu magana."

Ko ya yi maganar ko bai yi ba, da shekara ta zagayo babu Topolka a jerin. Leokadia ta je duk da haka. Ta hau Kokwamba zuwa wani ƙauye da ba ta san kowa ba a cikinsa, ta zauna a rumfar jiran motarsu minti ashirin, ta gaisa da wata tsohuwa mai kiwon kaji, suka yi hirar tsadar dussa har aka danna hon.