Wutar da Bappayo Ya Kunna

Kwana goma sha takwas Suwaiba ta yi tana hawa dutsen da ke bayan gonakin Sheda, kullum tun bakwai na safe, madubin hangen nesa a wuya, takardar ƙirge a hannu. Aikinta shi ne ta ƙirga shahuna da shirwa masu ƙaura, waɗanda ke tasowa daga kudu su nufi arewa idan bazara ta shigo. A kansu take binciken digirinta na biyu, kuma ita ta dage cewa dutsen nan yana kan hanyarsu. Malaminta, Dakta Alexander, bai gamsu ba. Kwana ashirin ya ba ta. In ba ta kawo shaidar ayari na gaske ba, za a sauya mata batu, shekarar da ta kashe ta bi ruwa.

Dokar ƙirgen ba ta da wasa. Akwai doguwar giginya a gabas, da ƙarfen sabis na waya a yamma. Sai tsuntsu ya ratsa tsakaninsu ya miƙe arewa bai waiwayo ba, sannan a rubuta shi. Wanda ya tsaya shawagi ko ya sauko neman abinci ɗan gida ne, ba ya shiga takarda. To 'yan gidan ne suka ishe ta. Shirwar Abuja da ta saba da bola da mayanka ina za ta? Sai ta yi kamar za ta wuce, Suwaiba ta ɗaga biro, ita kuma ta yi kwana ta dawo abinta. Ranar da aka fi samu, tara aka rubuta.

A gindin dutsen akwai rugar wani dattijo, Bappayo. Da farko ya ɗauka ma'aikaciyar filaye ce ta zo auna musu wuri, ya yi kwana biyu ko gaisuwarta ba ya amsawa da kyau. Da ya gane tsuntsaye take ƙirgawa ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga baya dariyar ta koma tausayi.

"'Yata, yau nawa?" haka yake tambaya duk yamma in ta sauko.

"Huɗu, Baba."

"Huɗu kacal, a wannan rana? Aikin nan naki bai da tausayi."

Ba ta taɓa zama ta yi masa bayanin giginya da ƙarfen sabis ba. A ganinta, me zai yi da shi?

Rana ta goma sha tara, tana cikin hawa Dakta ya kira. "Suwaiba, gobe ne last day. Ba na son labari, data nake so." Ya kashe waya kafin ta gama gaishe shi. Ta zauna a kan dutsen ranta a ɓace, zafi na dukanta ta sama da ta ƙasa.

Wajen sha ɗaya iska ta juyo daga kudu. Ta ɗaga madubi ba don tana sa rai ba, sai ga ɗigo-ɗigo can ƙarƙashin gajimare. Suna tafe a jere, fuka-fukai a shimfiɗe, ba mai karkata. Na farko ya ratsa, na biyu ya biyo. Goma sha biyu. Ashirin. Bakinta na ta hamdala. Tana kan na talatin da bakwai, kuma bayansu ba iyaka, ta ji ƙaurin hayaƙi.

Fadamar da ke ƙasan dutsen ce ta kama da wuta. Busasshiyar ciyawa na ta ƙara, fara na tashi gaban harshen wutar kamar an watsa tsaba. Tana kallo ayarin ya karye. Na gaba suka naɗe fuka-fukai suka sulalo ƙasa, na baya suka bi su. Kafin ta farga, 'yan gida sun taso ta kowace kusurwa sun cakuɗe da baƙin. Ta kafa wa ɗaya ido ta bi shi, ya shige hayaƙi, uku suka fito. Ta sake gwadawa, ta sake. Daga ƙarshe ta sauke madubin don hawayen takaici sun hana ta gani.

Zuwa azahar wutar ta mutu, tsuntsayen suka watse, wasu arewa, wasu wajen mayanka, ba mai iya cewa wane ne wane. Sun fi ɗari huɗu, kuma Dakta ba ya wurin. Ta daɗe tana kallon gurbin da ake rubuta jimla. Amma ta san ƙa'ida: ranar da wuta ta dagula, jefar da ita ake yi gaba ɗaya, har talatin da bakwai ɗin. Ta kuma san ayari irin wannan ba ya zuwa sau biyu a jere. Ta ci alwashin ko wane ne ya kunna wutar nan, yau sai ya ji ta bakinta.

Sai ga Bappayo yana hawowa, yana dogara sanda yana haki, rigarsa duk toka. Bai taɓa hawa dutsen ba sai yau. Fuskarsa cike da murna.

"Kin gan su?" ya ce. "Ni na san abin da ke kiran shirwa. Da sai an yi ruwan fari zan ƙone wurin, don ciyawar maruƙa ce. Amma na ce yarinyar nan ta wahala. Ba komai, sati biyu ne kafin ruwan, za mu riƙa kai su can bakin rafi."

Rafin ya kai tafiyar awa biyu, ta sani. Ta dubi tokar da ke jikin rigarsa.

"To, yau nawa?" ya tambaya.

"Da yawa, Baba," ta ce. "Allah ya saka da alheri."

Ya gyaɗa kai, ya juya ya fara sauka a hankali. Ta jira har ya yi nisa, sannan ta ɗora takardar a gwiwa ta ja layi a kan ranar, daga sama har ƙasa.