Gefen Dutsen da Aka Goge

Talata, goma da kwata na safe — ga ta durƙushe a lambun wani Bature a arewacin London, gwiwa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, tana shafa dutsen da ya kira ta ta karanta masa sunan da ke jiki. Shekara goma sha bakwai Memunatu tana karatun tsofaffin duwatsu, ranta bai taɓa ɓaci a bakin aiki ba sai yau.

Benci. Ya mai da shi benci.

Dutsen kabari ne daga Ireland, ya haura shekara dubu da ɗari uku, kakan mutumin ne ya ɗauko shi. Mutanen can a kan kaifin gefen dutse suke rubutu, 'yan tsage-tsage kamar na kuncin kakarta, a fara daga ƙasa a hau sama. Na Wane ɗan Wane. Iyakar abin da suke bari ke nan.

Gefen nan kuwa shi ne Baturen ya sa aka goge da inji. Wai yana yaga wa baƙi wando.

Wando…

Ga zoben gindin kwalba a kai, ja, ya bushe. Ga guntun taba a cikin wani ɗan rami. A nan suke zama su ci naman alade, su yi dariya? Baturen yana tsaye a bayanta da kofin shayi, yana murmushi, yana jira ta ba shi suna ya riƙa faɗa wa abokai. A'a, kada ta ɗago. Tocila. A kwantar da hasken a gefe, ko inuwa za ta nuna abin da ya saura. Ɗaya… biyu… wannan tsaga ce ko cizon inji?

"Wajen nan ne, ko can gaba kaɗan." Muryar yayanta Abdul-Mumuni a waya, bara, ita tana cikin bas a Old Kent Road, shi yana yawo cikin maƙabarta a Kano yana nuna mata tudu bayan tudu. Kafin ta gama sayen tikitin jirgi an riga an rufe Baba. Allon ƙarfen da aka kafa masa da sunansa, masu sayen ƙarfe sun tuge shi, sun auna a sikeli. "Ki yi haƙuri, Memuna, Allah ai ya san inda yake." Allah ya sani. Ita fa?

Ƙidaya. Ta koma ƙidaya, daga ƙasa, kamar yadda aka koya mata. Sumul. Sumul kamar sabulu. Wani ya zauna da guduma kwana nawa yana sara sunan mamacinsa, don kada ruwa da shekaru su cinye shi — kuma ba su ci ba. Yini ɗaya na inji.

Tsaya. Nan, inda ƙafar bencin ta kare shi. Ɗaya a karkace. Ɗigo. Biyar. Biyar kuma. Ta san kalmar, ta karanta ta sau ɗari: ɗan.

Ɗan wa? Shi kansa wa?

Ta sake bi sau uku. Gwiwarta ta mutu, yatsunta sun sandare.

Sha biyu saura, ta kashe tocila, ta ciro takardar aiki. A gurbin suna ta rubuta: ba ya karantuwa.