Dutsen Aradun Thyra

Gunvor tana juya bas a tashar ƙarshe ta Klintholm wayarta ta sake ɗaukar kuka a aljihu. Ta ja birki, ta jira wata tsohuwa ta gama sauka da karenta, sannan ta ɗaga. Bodil ce, ma'aikaciyar gidan kula da tsofaffi inda mahaifiyarta take zaune.

"Ta sake fita," in ji Bodil, ko gaisuwa babu. "Mai kawo burodi ne ya tsinto ta a bakin titi, da rigar ruwa da silifas."

"Lafiyarta ƙalau dai?"

"Ƙalau, har ta zage shi. Amma Gunvor, shugabar gidan ta ce in ta ƙara fita sau ɗaya, ɓangaren da ake kullewa za a mayar da ita. Kin dai san can."

Gunvor ta san can. Ta taɓa leƙawa, ta ga tagogin da ba sa buɗuwa da ƙofar da sai da lambobi ake wuce ta. Mahaifiyarta Thyra kuwa mace ce da ta yi rayuwarta ƙofar kicin a buɗe, rani da hunturu. Wata guda a can ya ishe ta mutuwa.

"Me take cewa yau?"

"Tun da rediyo ya ce za a yi hadari da yamma maganarta ɗaya ce, wai babu dutse a taga. Na ɗauko mata ɗaya a lambu, saura kaɗan ta fasa min tabarau da shi."

Gunvor ta gane dutsen da take nufi. Da wuya ka shiga gidan tsoho a tsibirin Møn ba ka ga irin duwatsun a jere a taga ba. Bushiyar teku ce, wata 'yar halittar ruwa mai ƙaya, da ta mutu tun duniya na kwance, ma'adinin ƙasa ya cika ƙoƙonta ta zama dutse, dunƙulalle kamar hannun jariri, da layuka biyar na ɗige-ɗige daga sama zuwa ƙasa kamar ɗinkin hula. Mutanen da suna kiransa dutsen aradu, suna cewa tsawa ba ta faɗa wa gidan da yake. Thyra ta ƙare ƙuruciyarta da tsufanta tana tsintar su, a bayan garma da bakin ruwa. Da aka sayar da gidanta watan jiya, Aksel, yayan Gunvor, ya bugo daga Copenhagen ya ce a watsa su a shara. Shi ai komai a waya yake yi. Gunvor ta kasa. Ta cika bokiti biyu, ta kai bakin teku ƙasa da gidan, ta juye su cikin tsakuwa don su koma inda suka fito. Ranar har wani daɗi ta ji, tana ganin ta yi abin kirki.

Ta roƙi abokin aikinta ya karɓi zuwan rana, ta shiga ƙaramar motarta da rigar aiki a jikinta. Gari ya ɗauki wani zafi mai danƙo, iska ta tsaya cak, shanu sun taru a gindin itatuwa suna kaɗa jela. Can kudu, ta wajen Jamus, sama ta fara haɗe rai.

Bakin tekun tsakuwa ce zalla, baƙa da fara da toka-toka, iya ganinka. Ta gane wurin da wani kututture da ruwa ya kawo. Ta durƙusa ta shiga tono da hannu biyu. Ta ɗauki wannan ta juya, ta yar. Ta ɗauki wancan ta tofa masa yawu ta goge, ta yar. Duk dutse dunƙulalle ya yi kama da shi har sai ya zo hannu. Ita dama ba ta taɓa tsintar ko ɗaya ba tun tana yarinya. Uwar takan ce da ita, "Ke idonki na direba ne, gaba kawai yake kallo." Ta miƙe, ta matsa, ta dawo, ta duba agogo, ta duba sama. Gwiwoyinta suka goge, wani ƙaramin yanka ya buɗe a yatsarta. Haushin kanta ya kama ta, har ta ji kamar ta zauna ta yi kuka a gaban 'yan yawon buɗe ido da ke shan rana.

"Kin makara, 'yar Thyra!"

Keld ne, tsohon masinjan gidan waya, yana tahowa da sandarsa da jakar zane, a sunkuye kamar yadda duk masu tsintar nan suke tafiya. Shi da Thyra sun daɗe suna tsere a gonaki da gaɓa, ba su taɓa nuna wa juna wuri mai kyau ba.

"Ke ma labarin ya kai miki ke nan," ya ce yana dariya. "Ai na kwashe. Abin da ban taɓa gani ba tun da uwata ta haife ni! A nan, daidai inda kike durƙushe, tuli guda, kowanne lafiyayye, babu ko tsaga. Kwana na yi ban runtsa ba. Ranar Asabar 'yan ƙungiyarmu ta masu tsintar duwatsu za su zo gani, har da wani malami daga Næstved. Ni na gano dalilin ma. Igiyar ruwa ce, in ta bugi wancan lungun sai ta juyo ta..."

"Keld."

"Allura cikin ruwa, yarinya, mai rabo ka ɗauka. Ki gaya wa uwarki, ko za ta..."

"Keld, za su cika bokiti biyu?"

Tsohon ya dube ta, ya dubi kututturen, ya dubi tudun da rufin gidan Thyra yake leƙowa ta bayansa. Gunvor ta ji kunya kamar ta ƙwace wa yaro alewa, amma aradu ta yi gunaguni daga nesa, ba ta da lokacin lallashi. Ta gaya masa komai a tsaye, da shara, da bokiti, da ƙofar da ake kullewa.

"Mu je," kawai ya ce.

A mota, suna wuce coci Keld ya fara mita. "Mutum ya zubar da dutsen aradu a bakin teku. Tabɗi! Ai gara ki zuba gishiri a ruwa ki dawo nema."

"Na ji, Keld."

"Ba ki ji ba. Direbobin bas!"

A gidansa, ya riga ya jera su a teburin cin abinci, a kan farin mayafin marigayiyar matarsa, manya a baya ƙanana a gaba. Ya wanke su, ya goge, har fitila ya jawo kusa. Gunvor ta tsaya a kansu. Ita duk ɗaya take ganinsu. Ta juya guda, sai ga ɗigon shuɗin fenti a gindinsa, irin na tagoginsu.

"Na ga fentin tun ranar farko," in ji Keld yana kallon bango. "Na ce wa kaina na jirgin ruwa ne."

"Wanne zan kai mata? In na kai wanda ba shi ba, wurgi za ta yi da shi."

Bai yi wani nema ba. Ya miƙa hannu can gefe ya ɗauko wani ɗan ƙarami baƙi wuluk, mai tsini a ka, gefe guda ya sha hannu har yana sheƙi. "Wannan. A gonar gwoza, saiwar nan da ake sukari da ita, ta riga ni da taku ɗaya, lokacin tana da cikinki. Da ciki fa, ta sunkuya ta riga ni! Har yau ban yafe mata ba." Ya danƙa mata. "Ki kawo bokitinki ki kwashe sauran."

"Wane sauran? Ni ɗaya na zo nema. Waɗannan teku ce ta ba ka, ka bar malamin Næstved ya zo ya ji labarin igiyar ruwa."

"Ke tafi can, ba a yi min sadaka," ya ce, amma bai matsa daga gaban teburin ba.

Kafin ta kai garin Stege, inda gidan tsofaffin yake, sama ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso tana kwantar da alkama, manyan ɗigo suka fara dukan gilashi. Wata tarakta ta shiga gabanta tana tafiyar hawainiya, ita da take zagin masu yi wa bas oda sai ga ta tana danna oda kamar mahaukaciya. Wayarta ta yi ƙara sau biyu, ba ta ɗaga ba. Tana tsoron abin da za ta ji.

Ta shiga gidan a guje, ruwa na zuba daga gashinta. A bakin ɗakin ta same su. Thyra ta ɗaure rigar ruwanta har wuya, ta rataya jaka, Bodil kuma ta tare ƙofa da faranti a hannu, kofi da yankan kek, tana ta zuba zance. Can ƙarshen baranda shugaba tana tsaye ta harɗe hannu.

"Ki matsa min, yarinya, kafin ruwan ya yi ƙarfi," Thyra take cewa. "Ba yunwa nake ji ba."

"Mama," in ji Gunvor tana haki. "Ga shi."

Ta buɗe tafin hannunta. Tsohuwar ta duba. Ta ɗauki dutsen, babban yatsanta ya tafi kai tsaye gefen nan mai sheƙi ya zauna. Fuskarta ta saki gaba ɗaya.

"Af, ga shi kuwa! Ina ka shiga, ɗan banza?" Ta ɗaga kai ta dubi Gunvor, ta dubi rigar aikin da tambarin kamfanin bas a ƙirji. "Baiwar Allah, ke ce mai bas ɗin Klintholm?"

"Ni ce," in ji Gunvor.

"To kin hutar da ni. Kin san gidan nan mai shuɗin tagogi, bayan gonar gwoza? 'Yata tana can ita kaɗai, ubanta yana teku, yayanta kuma ba ya zaman gida. Gunvor sunanta. Tsoron tsawa take kamar me, ƙarƙashin gado take shigewa, ba ta dai so a sani." Ta kama hannun Gunvor, ta saka dutsen a ciki, ta naɗe yatsun a kansa ɗaya bayan ɗaya. "A tagar ɗakinta za ki ajiye, ba ta kicin ba. Kin ji ko? Kada ki ba Keld, ko ya roƙe ki."

Aradu ta fashe a saman rufin, fitilun baranda suka yi ƙyaf. Kafaɗun Gunvor suka zabura da kansu.

"Ke ma?" in ji Thyra, ta yi 'yar dariya. "Ƙatuwa da ke! To ki riƙe shi da kyau a hanya, zai yi miki aiki kafin ki kai."

"Zan kai mata yanzu," in ji Gunvor.

"Ki ce ina nan tafe in ruwa ya ɗauke."

Tsohuwar ta juya ta fara kwance maɓallan rigar ruwan. Ta miƙa wa Bodil jakar, ta zauna a kujerarta ta bakin taga, ta jawo farantin kek. Shugaba ta sauke hannuwanta ta koma ofis.

Gunvor ta fita ta zauna a mota, ba ta tayar ba. Ruwa na sauka kamar da bakin ƙwarya. A gidan mai shuɗin tagogi wasu mutane ne yanzu, da nasu labulen. Ta daɗe tana kallon gilashi, dutsen a dunƙule a hannunta, har ya ɗauki ɗumi. Da walƙiya ta sake haskawa, sai ta ƙara matse shi.