Mundayen Yakura

A zamanin da motocin da ke bin hanyar Damagaram zuwa Gure ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, Aisami ne shofer, wato direba, na wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, ta wani Balarabe mai fataucin fata da kanwa. Kafin mota raƙuma ya sha ja, shi da ubansa. Amma tun da ya hau kujerar nan, kai, sai ka ce shi ya ƙera ta. Ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa.

To, sai fitilun motar suka fara ƙifta ido. Su haska, su dushe, su sake haskawa. Hanyar kuwa rairayi ce, ba a bin ta sai da asuba ko da magariba in ƙasa ta huce, don haka fitila ba kayan ado ba ce. Batir ma kullum ba ƙarfi, sai an juya ƙarfen tayarwa har riga ta jiƙe.

Ba a daɗe ba kafin wannan, Illa maƙerin Gure, wanda ya girme shi kaɗan kuma tare suka tashi, ya buɗe masa dinamo, abin da ke ba batir wuta, ya liƙe wata waya da ta tsinke a ciki. Ran kasuwa mutane suka kewaye Aisami suna tsokanarsa, wai motarsa ta koyi kashe wa 'yan mata ido. Yana cikin jin haushi sai ga Yakura matar Illa ta wuce, murɗaɗɗun mundayen jan ƙarfe suna walƙiya a hannunta. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ku tambayi Illa," in ji shi. "Wayar dinamona ga ta can a hannun matarsa."

Shi ke nan! Kafin mako ya zagayo maganar ta kai Kelle. Masu kawo fartanya gyara suka koma wata maƙera. Wanda ya daure ya zo, sai ya tsuguna yana gadin ƙarfensa har a gama. Illa bai ce uffan ba, Aisami kuwa ya ɗauki shirun nan shaida.

Wata magariba, kusa da Gidigir, fitilun suka kusa mutuwa gaba ɗaya. Aisami ya tsaya ya ce wa fasinjoji su sauko, yau za su ga ɓarna da idonsu. Ya fara da kan batir, ya tarar a ɗaure tamau, ba tsatsa. Ya bi wayoyin fitila da yatsa, babu wadda ta saɓule. Sannan ya kwance dinamo yana murmushi.

Waya tana nan a naɗe, cif. Ga liƙin Illa ma, tsaf da shi.

Ya mayar da dinamo, ya tada moter, wato inji, ya sa aka taka masa wuta, ya kasa kunne. Sai ya ji wani ɗan ƙara kamar kukan ɓera. Ya leƙa: igiyar fatar da ke juya dinamo tana gudu, amma kan dinamon sai ya juya ya tsaya, igiyar tana zamewa a kansa. Ya kashe moter ya shafa igiyar. Yatsunsa suka fito da maiƙo.

Man shanu ne. Shi da hannunsa yake shafa mata duk Juma'a, yadda ubansa ya koya masa a kan majanyin sirdin raƙumi don kada fata ta bushe ta tsage. Da fitilun suka fara ƙifta ido ma, sai ya ƙara yawan man, wai igiya ce ke jin ƙishi.

"Shofer, an ga aikin maƙeri?" wani dattijo ya tambaya.

"Rairayi ne ya shiga," in ji Aisami, kansa a ƙasa. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko ɗaci a bakinsa.

Ya goge igiyar da toka, ya ɗame ta. Fitilun suka tsaya ƙyam har Gure. Wallahi bai taɓa ƙin haske kamar na ran nan ba. Kunya ta hana shi ko waiwayar fasinjoji.

Da hantsi ya nufi maƙera. Ya wuce ta, ya dawo, ya sake wucewa kamar mai neman akuya, sannan ya yi sallama. Illa na gaban uwar maƙera da guduma. Yakura ce ke zuga, hannuwanta wayam, sai farin sawu a inda mundaye suka daɗe suna zaune. A kan buzu ga sandunan jan ƙarfe sirara, an miƙar da su.

"Madalla, ka hutar da ni zuwa," in ji Illa. "Ga wayarka. Mundayen uwarta ne na miƙar, da su aka kai uwar ɗaki. Da tsamiya kawai Yakura ta wanke su ran nan, shi ya sa suke walƙiya. Amma tun da ka yi magana ko rijiya ba ta iya zuwa da su."

"Yaya Illa," in ji Aisami. "Ba dinamo ba ne. Man shanu ne. Ni na shafa a igiya."

Zugar ta tsaya.

"Man shanu," in ji Yakura a hankali.

"Zan faɗa a kasuwa, a gaban kowa. Don Allah a murɗa su, a mai da su yadda suke."

"Murɗawa ba wuya," in ji Illa. "Sai dai in na murɗa, aikina ne. Na uwarta sun tafi."

Yakura ta tattara sandunan ta miƙo masa da hannu biyu, yadda ake ba baƙo ruwa.

"Karɓi, Shofer. Ka ce waya ce, ga shi ta zama waya."

Aisami ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya karɓa, don bai san yadda zai ƙi ba. Da sauran ɗumin wuta a jikinsu.