Bugun Farko a Cikin Ƙwan Kifi

A sashen nazarin halittu ba mai kiranta da sunan yanka. Uwar Kifi ake ce mata, saboda tun da ta gama digirinta na uku take kiwon waɗansu 'yan kifaye masu ratsi-ratsi a ƙarshen baranda. Rabin ƙwansu tana renonsa a ruwa mai tsabta, rabi a ruwan da ta ɗebo daga rafin bayan masana'antar fenti, inda mutane ke wanki da kamun kifi. So take ta san ko ruwan nan yana taɓa zuciyar ɗan kifi tun yana cikin ƙwai. Tambayar nan ce ta ciyo mata kyautar wata gidauniya mai tallafa wa mata masu fara aikin bincike, da ita aka sayo madubin hangen ƙananan halittu mai kyamara, irin wanda a da sai a mujalla take gani.

Madubin ya iso tun watan jiya, yana ɗakin gwaji cikin ledarsa, ƙofa a kulle. Ka'idar sashen ke nan: ba a taɓa sabuwar na'ura sai shugaban jami'a ya zo ya yanke kintinkiri, an ɗauki hoto, an tafa. Haka wani firiji ya yi ta jiran almakashi har ɓeraye suka cinye wayoyinsa, manyan masana suka taru suka ce ƙaddara ce.

A yammacin nan zukatan ƙwayayen za su fara bugawa, abin da ba ya jiran kowa. Ruwan da ta ɗebo a rani ya ƙare, ruwan sama kuma ya riga ya sauka ya wanke rafin. In yau ta wuce, sai baɗi, gidauniya kuwa tana jiran sakamako kafin ta sabunta tallafin.

Ta wuce Gwaggo, ƙanwar babanta, zaune a benci tana jijjiga mata jaririyarta, ta shiga ofishin shugaban sashe.

"Ranka ya daɗe, mabuɗin nan nake so."

Farfesa ya dube ta ta saman tabarau. "'Yata, an sake ɗaga bikin. Shugaba ya yi tafiya."

"Ƙwayayen ba su san ya yi tafiya ba."

"Ki yi amfani da tsohon madubi mana. Mu da shi muka yi namu binciken."

"Gilashinsa ya yi hazo, ba shi da kyamara. Me zan nuna wa gidauniya? Zane da fensir?"

"Ke dai zafin kanki ya yi yawa. Komai da tsarinsa."

Ta ji maganar ta taso mata har wuya: tsarin da ya mayar da ɗakin gwaji ɗakin ajiya, ya mayar da masu bincike masu gadin kwali. Ta haɗiye. Ta san abu ɗaya ne Farfesa ke tsoro a duniya, jin kunya a gaban baƙi.

"To shi ke nan," ta ce a hankali. "Allah dai ya sa ranar bikin, in Shugaba ya danna maɓalli a gaban 'yan jarida, abin ya kama. Tun da aka sauke shi daga mota ba wanda ya gwada."

Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Can ya jawo durowa, ya ciro mabuɗin.

"Gwaji kawai. Kallo ɗaya, ki mayar da ledar yadda kika same ta."

Gwaggo ta biyo su ɗakin ba tare da an gayyace ta ba. "Ni ma sai na ga abin da ya hana 'yar nan zaman gida," ta ce. "Kifin da ko miya ba zai yi ba."

"Gwaggo, kada ki taɓa komai."

"Da wane hannun? Ba ga 'yarki ta cika su ba?"

Uwar Kifi ta zare ledar. Ta jona wuta, allon ya haska. Ta ɗiga ƙwai guda daga ruwa mai tsabta a kan faifan gilashi, ta tura shi ƙarƙashin madubin, ta murɗa a hankali.

Ƙwan da bai kai ƙwayar gero ba ya cika allon, garau kamar ɗigon raɓa. A ciki ɗan kifin ya nannaɗe jikin gwaiduwa, ga idanu manya da ba su yi baƙi ba tukuna, ga ƙashin baya jere tsaf. A ƙarƙashin kai akwai wani siririn bututu, kwance shiru.

"Ina zuciyar?" in ji Farfesa.

"Ga ta nan. Ba ta fara ba."

Suka tsaya. Ta karanta abin nan a littattafai har ta haddace, ta koyar da shi a aji, ta ci gyaran ɗalibai a kansa, amma ba ta taɓa tsayawa a gabansa ba. Sai bututun ya ɗan motsa, kamar mai barci ya yi ajiyar zuciya. Ya tsaya. Ya sake. Daga nan ya kama, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce masa fara. Can jim kaɗan ƙwayoyin jini suka soma silalowa a layi, suna bin hanyar da ba a taɓa bi ba.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," Gwaggo ta ce ƙasa-ƙasa. Ta ɗora tafin hannu a bayan jaririyar, ta bar shi nan. "Ashe haka kowa ya fara."

Uwar Kifi ta ƙura wa allon ido. Sai da ta ga jan ɗigo yana ƙiftawa a gefen allo sannan ta tuna ta riga ta danna kyamara.

Farfesa ya gyara tabarau. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allon, leɓunansa na motsi, yana bin bugun. Sakatariyarsa ta leƙo ta ce ana jiransa a taron kwamiti. Ya ɗaga mata hannu bai waiwaya ba.

"Ranka ya daɗe, kallo ɗaya ya cika," in ji Uwar Kifi. "In mayar da ledar?"

"Ina na ruwan masana'antar?"

Ta sauya faifai. Wannan ɗan kifin ma kyakkyawa ne, garau, sai dai ruwa ya taru ya kumbura kewayen zuciyarsa. Bututun ya buga, ya yi jinkiri mai tsawo har Gwaggo ta ce, "Ya mutu?" sannan ya sake bugawa da ƙyar. Jinin ya je gaba, ya dawo baya.

"A rafin nan fa mata ke wanki," in ji Gwaggo.

Farfesa ya jawo kujera mai tsawo ya zauna, ya naɗe hannun riga.

"Ƙwai nawa gare ki?"

"Da yawa. Sai mun kai magariba."

"To ki ɗauke su duka, kada ki tsallake ko ɗaya. Ni zan riƙa ɗiga miki su a faifai. Dakta, ina bututun ɗigawa?"

Ta miƙa masa, ta mayar da idonta kan allo.