Inda Allura Ke Tsalle

"Ɗaga allurar mana, Selin! Ko so kike ki ƙarasa cinye mini faifan?"

Selin ta ɗaga. Irangani, maƙwabciyarta, tana kwance a bakin taga, ta rame ta zama kamar tsinke, amma bakin nan nata yana nan daram.

Faifan waƙa ɗaya tak ne, wanda Taurarin Lunawa suka yi shekara hamsin da suka wuce. 'Yan mata uku ne har da Irangani, aka ɗauke su hoto da dogon gashi da siket iri ɗaya. A zamaninsa babu gidan biki a garinsu Moratuwa da bai yi rawa da shi ba, har kafintoci da shi suke goge katako. Biyu sun rasu, kamfanin ya rufe, kuma a duk unguwar faifan Irangani kaɗai ya rage.

Baiti ɗaya aka ba ta ta rera ita kaɗai, kuma daidai nan Selin ta karce da ƙarfen gashi ranar da ta are shi, suna 'yan mata. Tun daga ranar allura ke tsallake wurin. Sai Irangani, duk Lahadi in ta sa faifan, ta riƙa ɗaga allurar, ta rera baitin da bakinta, ta mayar. Ita kuwa Selin, da an zo wurin sai kunya ta kore ta madafa. Shekara hamsin tana shan waƙar ta katanga, ba ta taɓa tsayawa ta ji baitin ba.

"Yaya, ki faɗa mini shi," in ji Selin. "In kin tafi da shi, shi ke nan fa."

"Da wace muryar za ki rera? Wannan ta korar hankaka?"

"Ita Allah ya ba ni."

Irangani ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta samu numfashi sai ta rera a hankali: "Kar ka rufe taga, jirgin yamma bai wuce ba."

Selin ta maimaita, ta ɓata. Suka sake.

"Kin karce faifai, yanzu kin koma kan kunnena. Sake!"

Sau tara suka yi kafin ta gyaɗa kai. Selin ta ce, "Ki yafe mini, Yaya."

"Ke, tafi can! Ba don ke ba, wa zai riƙa jin muryata duk Lahadi?"

Ranar Laraba da hantsi Irangani ta cika.

A al'adarsu ba a hura wuta a gidan mutuwa, don haka Selin ce ta dafa shinkafa da miyar kabewa da busasshen kifi. Bayan an dawo daga maƙabartar coci, wani tsohon kafinta ya ce a sa waƙar. Tsofaffi suka bi ta da baki, wasu na share hawaye. Da aka kusa wurin, kowa ya yi tsit.

Selin ta ajiye ludayi ta zo ta ɗaga allurar. Ta rera baitin, ba ta ɓata ko kalma ɗaya ba. Ta mayar da allurar, 'yan matan uku suka ɗora daga inda ta tsaya.

Da la'asar iskar teku ta taso, 'yar marigayiyar ta miƙa hannu za ta ja tagar. Selin ta riƙe mata hannu, suka tsaya tare har jirgin ƙasan yamma ya wuce.